Ibrananci ba ɓatan basira ba ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce ɗan Agege da ya shiga jami'a don nazarin Ibrananci da Attaura ya zama ɗan koren Isra'ila. Haba Malam! Ina ruwan nahawun harshen da aka rubuta littattafai da shi tun kafin haihuwar Annabi Isa da gwamnatin da aka kafa a 1948?

Ka manta Manzon Allah (SAW) ne ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu? Shi kansa nahawun Ibrananci a ƙarƙashin inuwar Larabci ya girma. Ibn Janah na Andalus da Larabci ya rubuta littafinsa na nahawun Ibrananci, Kitabul Luma'i, a ƙarni na 11, Sa'adiya Gaon kuma ya mayar da Attaura Larabci kafin rasuwarsa a 942. Saboda haka yaron da ya ƙoshi da nahawu da sarfu a Markaz ta Agege ya riga abokan karatunsa nisa a Jami'ar Ibadan.

Littattafan tafsirinmu cike suke da Isra'iliyyat irin na Ka'abul Ahbar da Wahbu ɗan Munabbih. Wa zai tantance asalinsu idan duk mun bi shawararka?