Imani ba ya fita ta bakin allura

Makon jiya uban wani ɗalibina ya tare ni a ƙofar lakwal nan Dakoro, ya miƙo mini wayarsa. "Mushe, kai da ka yi boko, dubi wannan." Bidiyo ne na wani Bature yana nuna hoton ƙwaƙwalwa, wai yana gaya wa sojojin Amurka an gano ƙwayar halittar da ke sa mutum riƙon addini, an kuma haɗa rigakafin da zai kashe ta. Ya ce shi kam daga yau ba mai ɗiga wa ɗiyansa komai a baki, manyan duniya so suke su raba mu da Allah su rage mana yawa.

Ban yi masa dariya ba, don tsoronsa yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, cikin yara wajen 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma wannan bidiyon tsumma ne.

A 2004 wani masani Ba'amurke, Dean Hamer, ya fitar da littafi yana cewa wata ƙwayar gado mai suna VMAT2 tana da hannu a shauƙin ruhi. Bambancin da ya auna bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma masana da yawa sun yi watsi da iƙirarin. Kowa na da wannan ƙwaya, liman da wanda bai taɓa sallah ba. Bidiyon kuma an bincika, shiri ne irin na fim, shi ne a 2020 aka sake yaɗa shi ana cewa Bill Gates ne, alhali ba shi ba ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muka raina imaninmu. Malamanmu sun karantar da mu ana haihuwar yaro kan fiɗira, iyaye ne ke dora shi a hanya. Imani a gida ake shuka shi, a makarantar allo, a sahun asuba. Wanda ya yarda ɗigo biyu za su goge Fatiha daga zuciyar ɗansa, ya ba Bature ikon da Allah bai ba shi ba.

Batun rage yawa kuma, mu ƙirga. Shekaru nawa ana rigakafi a Nijar? Ƙidayar 2012 ta same mu sama da miliyan 17, binciken wannan shekarar ya nuna mace na haihuwar 7.6 a matsakaici, a lokacin babu ƙasar da ta kai mu. Ina rashin haihuwar?

Mun kuma ga kuɗin wannan jita-jita. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda irin wannan zargi, sai a Yulin 2004 aka koma, bayan an kawo maganin daga Indunisiya. Kafin nan cutar ta tsallaka iyakoki, ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Waɗanda suka yaɗa maganar suna tafiya da ƙafafunsu. Yaran talakawa ne ke rarrafe.

Malamai ƴan uwana, in an kawo muku irin wannan bidiyo, ku zauna da mai shi ku warware masa. Iyaye, ku tambayi ma'aikacin lafiya sunan maganin da amfaninsa, haƙƙinku ne. Amma kada a ɓoye yaro bayan rumbu ranar rigakafi. Mutumin nan ya ce zai yi tunani. Autarsa watanta huɗu, kuma lokacin ƙyanda na tafe.