Su suna sayar da kallon ƙasarsu daga sama, mu yaushe za mu ga Adar?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa da ƴan uwa ƴan kasuwa, yau zancenmu a kan wani wasa ne na Turawa, amma ku yi haƙuri ku biyo mu, don ƙarshensa ciniki ne, ciniki kuwa ku kunka san shi.

A shekarar 2001 kamfanin Disney ya buɗe wani ɗakin wasa a jihar Kaliforniya ta Amurka, ana ce masa Soarin'. Mutum 87 ke shiga a lokaci guda, su zauna bisa kujeru layi uku, kowa ya ɗaura ɗamara. Sai inji ya ɗaga kujerun sama har kusan mita 12, ƙafafu na lilo, ya kai su gaban wani ƙaton allon majigi mai siffar ƙwarya, faɗinsa mita 24. Cikin ƙwaryar nan ake nuna hotunan da anka ɗauko daga jirgin sama: duwatsu, teku, gonaki da birane. Kujera na karkata, iska na bugun fuska, in an iso bisa garkar lemu sai a feso ƙamshin lemu. Cikin minti biyar mutum zai sauko yana jin kamar ya yi tafiya a sama, alhali ko ƙofar ɗakin bai fita ba. Kuɗin shiga filin wasan na yini guda ya haura dalar Amurka 100, wato fiye da jika 50 na sefa, kuma layi ake bi.

To, mece ce hajar? Kallon ƙasarsu kawai. A 2016 sunka sake fim ɗin, ya zama yawon duniya, anka fara nuna shi har a birnin Shangai na Sin. Kun san me Afirka ta samu a ciki? Giwaye a gindin dutsen Kilimanjaro, da kaburburan Fir'aunoni na Masar. Babu kasuwa, babu manomi. Ba mu ga laifinsu ba, mai haja shi ke zaɓen abin da zai baza bisa tabarma. Laifin namu ne idan munka zauna jiran wani ya nuna mu.

Don kuwa Adar tana da abin kallo daga sama. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 anka fara dasa layukan dogonyaro don tare iska, suna nan jere tsakanin gonaki. A Keita, aikin da Italiya ta ba kuɗinsa daga 1984 ya dasa miliyoyin itatuwa, ya jera duwatsu bisa faƙo, kuma mata ne sunka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a kai. A ƙasar Illela manoma sun haƙa ramukan tassa, faƙon da anka fidda rai da shi ya koma ba da hatsi. Ga tabkin Tabalak, ga garaken albasa na Galmi, ga garkunan shanu da raƙuma masu gangarowa daga arewa ta wajen Tebaram.

Har ma girman aikin da manomanmu sunka yi, daga sama anka gane shi. Wani masani ɗan Amurka, Gray Tappan, ya gwama hotunan jirgi na 1975 da na farkon shekarun 2000, cikinsu har da na garin Galma a jihar Tawa. Binciken ya nuna manoman Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 bisa hekta miliyan 5, mafi yawa a Maradi da Damagaram. Duniya ta ga hotunan nan, amma nawa ne cikin waɗanda sunka yi aikin sunka taɓa ganin su?

A nan damuwarmu take. Yaron Tebaram ko na Bagaruwa ya san titunan Abijan da na Dubai a cikin salularsa, amma bai taɓa ganin Majiya ba, ga rashin tsaro ya sa tafiya ta yi wuya. Ba mu ce kallon majigi zai hana bida ba, yunwa da rashin aiki ke fidda samari. Sai dai yaron da ya tashi yana jin ƙasarsu ba ta da komai, ko ya samo dukiya ba nan zai zuba ta ba. Asarar kuwa ta kasuwa ce.

Shawararmu ga masu hali ita ce kada kowa ya yi mafarkin sayo injin Disney. Kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, ga wutar da za ta ɗaga kujerun, mun dai ga halin da anka shiga a 2023 da Nijeriya ta yanke mana lantarki. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kamara, da izinin hukuma tun da lokaci ne na tsaro, da majigi mai aiki da hasken rana, da farin bango, sun isa. A ɗauko Adar da damina, a sake ɗauko ta da rani, a sa bayani da Hausa da Tamashek. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, da ƙananan kayan aiki ya yi finafinan da sunka kai sunan Nijar ƙasashen waje.

Wata uwa za ta ce mana ciki ne gaba da kallo, kuma gaskiya ta faɗa. Amma iya, duk inda jama'a ta taru da dare, mai ƙosai da mai fura da mai tsire su ke fara cin riba. Kun gani da idanunku a bikin Tawa Sakola na 2017.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da magadan gari su zauna su tattauna, su jawo ɗaliban jami'ar Tawa cikin aikin. A fara da daren kasuwa ko ranar salla, yara su shiga da kuɗi kaɗan, tsofaffin matan Keita kuwa a ba su tabarmar gaba kyauta, su ga abin da hannunsu ya yi. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.