Ƙaramar Na'urar Gwajin Ruwa: Me Za Ta Tsinana Wa Mai Noman Rani?

Ɗan'uwa manomi, in daga Jakara ko Challawa kake ba lambunka ruwa a Kano, ka san dagwalon masana'antu yana kwarara ciki, har da kiromiyom na kamfanonin jima. Ido ba ya ganinsa, amma latas da alayyafo suna zuƙa.

Yanzu masana suna ƙera 'yan na'urori da ake girkewa a bakin rafi, masu hanyoyi sirara kamar gashi a ciki. Ɗigon ruwa zai shiga, ya gauraya da wani sinadari, a haska shi. In akwai gubar da ake nema, ƙyallin ruwan sai ya canja, sakamako ya tafi waya. Babu jiran ɗakin gwaji.

To amma fa ruwanmu mai laka ne, hanyoyin nan kuwa saurin toshewa gare su. Sinadarin ma yana ƙarewa. A ganina wannan kayan ƙungiyar masu ban-ruwa ne, ba na mutum ɗaya ba. Kafin ku haɗa kuɗi, ku tambaya: wace guba take ganowa, wa zai gyara ta? Kuma ranar da ta ce ruwan bai yi ba, kuna da rijiya ko burtsatse a shirye?