Kajin Ado Masu Tsada: A Auna Kafin a Zuba Jari

Kiwon kaji tsohon abu ne a ƙasar Haɗejiya. Daga Auyo zuwa Guri da Kiri Kasamma, da wuya a shiga gida ba a tarar da akurki ba. Sabon abu shi ne kajin ado 'yan asalin ƙetare da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp: Burahma mai ƙaton jiki da gashi har ƙafa, da Silki mai laushin gashi wadda ta fito daga ƙasar Sin, da Ayam Cemani baƙa wuluk ta tsibirin Jaba a Indunusiya. Har ta kai zakara ɗaya yana gogayya da ɗan akuya a farashi.

Ba mu ga laifin sha'awa ba. Ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba. Daga nan malamai suka fahimci halaccin ajiye tsuntsu, matuƙar za a ba shi ci da sha, ba a azabtar da shi ba. Damuwarmu ita ce magidancin da zai taɓa kuɗin cefane, da ɗalibin da zai zuba kuɗin rajista, don an ce masa cikin wata shida zai ninka jarinsa.

Tsadar waɗannan kaji ba daga nama ko ƙwai take ba, daga ƙarancinsu take. Kaza kuwa tana hayayyafa, don haka ƙarancin ba ya ɗorewa. Tarihi ya riga ya nuna haka. A shekarar 1852 wani makiyayi ɗan Amurka, George Burnham, ya aika wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila kyautar kajin Burahma. Farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a ƙasashen biyu, sannan cikin 'yan shekaru kasuwar ta faɗi, waɗanda suka shigo daga baya suka kwashi asara.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Burahma ta fi jure sanyi, alhali zafin bazara a Haɗejiya yakan wuce digiri 40. Gashin ƙafarta ba ya shiri da taɓo, mu kuwa mutanen fadama ne, ambaliyar 2022 ba ta bar zukatanmu ba. Haka nan dausayin Baturiya masauki ne na tsuntsaye masu ƙaura daga Turai, waɗanda kan ɗauko murar tsuntsaye, cutar da aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji, Jihar Kaduna. Annoba ba ta tambayar kuɗin kaza.

Ga masu sayarwa, muna tunatar da su cewa shari'a ta haramta algus. Wanda ya sayar da ruwa-biyu da sunan tsantsar iri, ko ya ɓoye ciwon da ya san yana jikin kaza, ya ci haram. Haka wanda ya sa abokinsa ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. Wannan shi ne najashi, kuma an hana shi. Wanda ya mayar da kiwon kasuwanci ya sani cewa kajinsa sun zama haja, zakka za ta hau ƙimarsu idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo.

Shawararmu ita ce: mai sha'awa ya saya da rarar da rasa ta ba za ta hana iyalinsa abinci ba, ya ga kazar da idonsa, ya killace ta mako biyu kafin ya haɗa ta da sauran, ya nemi likitan dabbobi don rigakafi. Mai neman abin dogaro kuwa ya duba kajin gida, ko Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta samar don yanayinmu. Ciyar da iyali wajibi ne, ado kuwa mubahi ne, kuma ba a sayar da wajibi don a sayi mubahi. Allah Ya sanya albarka a nemanmu.