Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Sojojinmu da Buƙatar Hanzarta Bincike



Mu da ke zaune a Marwa da Kuseri da Garwa mun daɗe muna jin amon yaƙin da ake yi a gabar Tafkin Chadi. A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya shigo cikinsa: mayaƙan ISWAP sun fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa, irin waɗanda ake ɗaukar hoton biki da su. Da farko leƙen asiri suke yi da su, daga baya suka koyi ɗaura musu abin fashewa. Ba su jira kwamiti ya zauna ba, ba su jira a sa hannu a kwangila ba. Suna gwadawa, suna gyarawa, cikin makonni. Tambayar da ta dame mu ita ce: rundunonin da ke tsaron garuruwanmu suna iya koyo da irin wannan sauri?

Ra'ayinmu shi ne, rundunar da ba ta da hanyar bincike ta kanta za ta ci gaba da bin bayan abokin gaba, ko da ta fi shi kuɗi da yawan dakaru. Tarihinmu ya riga ya koya mana wannan. A watan Maris na 1903, mahayan Sarkin Musulmi Attahiru sun fito filin Sakkwato da jarumtar da ba wanda ya musa, amma bindigar Maxim ta Turawan Ingila ta yanke hukunci kafin rana ta yi tsaka.

Mu duba yadda wata ƙasa ta yi da ta ga an tsere mata. A watan Oktoba na 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, Amurka ta wayi gari cikin kunya. A farkon 1958 gwamnatin Shugaba Eisenhower ta kafa hukumar ARPA a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, wadda yau ake kira DARPA. Abin lura shi ne tsarinta. Ba ta da ɗakunan gwaji nata na kanta. Tana ɗauko masana daga jami'o'i da kamfanoni da cikin soja, ta ba kowanne jagorancin shiri na 'yan shekaru kaɗan, galibi uku zuwa biyar, sannan ya tafi wani ya zo. Wanda ya san kwanakinsa a ƙirge suke ba ya ɓata su wajen gyara kujera. Daga wannan gida ne ARPANET ta fito a 1969, ita ce kakar intanet da kuke karanta wannan rubutu a kanta.

Sirri na biyu shi ne ba sa ɗaukar faɗuwa abin kunya. A 2004 hukumar ta shirya gasar motoci masu tuƙa kansu a hamadar Mojave, tafiyar da ta haura kilomita 200. Ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Wadda ta fi nisa ba ta cika kilomita 12 ba. A wasu wurare da nan za a rufe maganar, a nemi wanda za a ɗora wa laifi. Su kuwa suka sake shirya gasar a 2005, motoci biyar suka kammala, ta jami'ar Stanford ta zo ta ɗaya.

Wani zai ce Amurka mai dukiya ce, ina mu ina ita. To, ga Yukren. Tun da Rasha ta afka mata a Fabrairun 2022, ƙananan masana'antu da 'yan sa-kai suke haɗa jirage marasa matuƙa da kuɗinsu bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba, suna lalata tankokin miliyoyi. A Afrilun 2023 gwamnati ta buɗe dandalin Brave1 domin haɗa masu ƙirƙira da sojoji kai tsaye. Sojan da ke bakin daga ya faɗi abin da ya gaza, mai ƙira ya gyara, a mayar masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a can an taƙaita tazarar da ke tsakaninsa da mai yaɓe.

A yankinmu ma an taɓa ɗaga ƙafa. Sojan saman Nijeriya ya nuna jirginsa maras matuƙi mai suna Gulma a Kaduna a 2013, ya biyo da Tsaigumi a 2018, dukansu da sunayen harshenmu. Amma manyan jiragen da ƙasashen Sahel suke dogaro da su har yanzu daga Turkiyya da Sin ake sayo su. Sayen ba laifi ba ne, gobara ba ta jiran a haƙa rijiya. Matsalar ita ce idan ƙaramin ƙarfe ya lalace sai an jira shi daga ƙetare, idan abokin gaba ya sauya dabara sai an jira mai kayan ya sauya nasa.

Abin da muke ganin ya kamata bai fi ƙarfinmu ba. A ware ɗan kaso na kasafin tsaro domin ƙananan gwaje-gwaje da za a yanke musu hukunci cikin watanni. A buɗe ƙofa tsakanin bariki da makarantun fasaha irin na jami'o'in Marwa da Ngaundere. A ba ƙaramin hafsa da sajan damar kai shawara sama ba tare da an ɗauke ta rashin ladabi ba, domin biyayyar soja a fagen fama take da amfani, a teburin bincike kuwa gardama ce ke haifar da sabon abu. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, mai hedkwata a Njamena, ta zama wurin musayar abin da kowa ya gano.

Muna sane da haɗarin da ke ciki. Inda aka ce sirrin tsaro, nan kuɗi suka fi ɓata, kuma jirgin da aka ƙera domin ɗan ta'adda yana iya faɗa wa masunta da makiyaya. Don haka dole gaggawa ta tafi tare da idon majalisa da masu binciken kuɗi.

Mu ma da namu aikin. Yaranmu da ke gyaran waya da janareta a kasuwanni, jikokin maƙeran da suka ƙera wa mahaya linzami da takobi, suna da hannu da basira. Mu tura su karatun lissafi da injiniyanci, kada takarda ta hana su shiga ranar da aka buɗe ƙofar.

Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya, amin.