Filin Zane da Launi: Ta ina rana take shigowa?

Makon jiya maƙwabciyata a nan Kumasi ta shigo min gida janye da 'yarta, ɗaya hannun riƙe da wata baƙar jaka. Maigidan ne ya dawo daga saro kaya a Dubai, ya yo wa yarinyar tsarabar maka har guda 80, masu baki biyu. (Jam'in kalmar dai ba zan ce makoki ba, Allah ya kiyaye, mu bar ta a maka.) Kukan uwar shi ne wata biyu ke nan yarinya na ta shafe littafin kala, amma kowane hoto kamar an watsa fenti a bango. Baban kuma ya ce in ya dawo bai ga canji ba ya gama saye, ta koma taya su zaman shago.

"Anti, kalolin ne ba su isa ba," in ji ta.

Na zuge jakar na zaro uku kacal, duk ruwan ƙasa: mai haske, matsakaiciya, da mai duhu. Sauran 77 na miƙa wa uwar. Na zana tulu a takarda, na ce da yarinyar kafin ta buɗe murfi ta gaya min ta ina rana take shigo wa tulun nan. Ta yi shiru. To nan gizo ke saƙa. Mai cike layi tambayarsa "wace kala zan sa?" Mai zane kuwa sai ya san inda haske yake faɗowa tukuna, don shi ke nuna masa inda zai bari fari, da inda zai danna duhu.

Muka fita tsakar gida muka dubi randar ruwa. Gefen da rana ke duka yana da ɗan tabo mai ƙyalli. Daga nan launi ke ta yin duhu a hankali har bayan cikinta, amma ku lura, can bakin gefen inuwa ya ɗan sake yin haske, saboda siminti yana mayar mata da hasken da ya sha. Wuri mafi duhu shi ne gindi, inda ta zauna a ƙasa. Da yarinyar ta ga wannan da idonta, rabin aikin ya ƙare.

Sauran rabin sanin halin tawada ne. Irin waɗannan maka da sifirit aka haɗa su, shi ya sa suke warin asibiti, kuma tawadarsu shara-shara ce, ba ta rufe abin da ke ƙarƙashi. Duhu na hawa kan haske, haske ba ya hawa kan duhu. Saboda haka da mai haske ake farawa, a bar wurin ƙyallin nan fari fat, don babu farar maka da za ta dawo da shi. Sai matsakaiciya, sai mai duhu a ɗan wuri kaɗan. Sannan a dawo da mai hasken a goga kan iyakar tun tawada na da danshi, sai ka ga layin ya narke. In aka tsaya amsa waya ta bushe, shi ke nan, zane-zane zai fito. Wanda ya taɓa ganin rini a marina ya san zancen: duk tsomawa a baba ƙara duhu take. Haka maka, shafa biyu ta fi shafa ɗaya kauri.

Inuwa kuma ba baƙi ba ce, don Allah a daina. Baƙi kashe hoto yake. A sa ruwan toka mai sanyi ko shuɗi mai haske a kan ruwan ƙasar, inuwa za ta zauna daram.

Game da lambobin jikin murfi: kamfanin Too na Japan da ya fito da Copic a 1987 yana da kala 358, kuma lambarsa tana magana. Harafi shi ne dangin launi, E na ruwan ƙasa, B na shuɗi, lambar ƙarshe kuma daga 0 mai haske zuwa 9 mai duhu. Kun ga E31, E35 da E37 'yan gida ɗaya ne. Masu arahar da 'yan kasuwarmu ke kawowa ba lallai su bi wannan tsari ba, murfin ma yakan yi ƙarya. A shafa kowace a takarda ɗaya, a rubuta lambarta a gefe, a ajiye. Ita kuma wadda babu kala a cikinta, ba haɗa launi take ba kamar yadda ake zato, tura tawada take gefe. Amfaninta gyaran inda hannu ya zarce layi.

Iyaye, ku ma da naku. Takardar littafin makaranta shan tawada take kamar soso, ta huda har shafi na uku, a sayi mai kauri da santsi, a sa wata a ƙarƙashi. Kada a ja layi da biro, sifirit narkar da shi yake ya ɓata kala. Masu baki biyu a kwance ake ajiye su, kuma da hunturu murfi a buɗe minti kaɗan ya isa baki ya bushe. Hoton da aka gama kada a liƙa shi inda rana ke duka, zai koɗe.

Tulun yarinyar na uku shi ya fara yin ciki. Na ce ta ɗauke shi a waya ta mayar da hoton baƙi da fari, ta ga ko har yanzu zagayayye ne. Ya zauna. Shi ta tura wa babanta ta WhatsApp, jakar kuwa tana wurin uwar sai ta kawo min buta da kofin silba, kowanne da maka uku. Ku ma aikin makon ke nan. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa launin fatarmu, don ruwan ƙasa ɗaya ba ya fitar da fuskar baƙin mutum.