Ruɓaɓɓen Ice Taki Ne, Ɗanye Kuwa Ɓarawo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in faɗa wa 'yan'uwa wata wauta da na yi bara.

Ina da ɗan lambu a bayan gidanmu a Unguwa Uku. Da na ga takin zamani ya fi ƙarfin aljihun akawu, sai na tafi 'Yan Katako a Na'ibawa, na ɗebo garin katako buhu biyu, na kafce shi cikin ƙasa, na shuka alayyafo. Ba a yi wata guda ba ganye ya yi rawaya, shuka ta tsumbure.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi noma a Tarauni tun tana gonaki, ya duba ya ce, "Malam, ai ƙasa ba ta cin ɗanye." Da na bincika, sai na tarar gaskiya ya faɗa. Ƙananan halittun da ke ruɓar da ice suna bukatar naitirojin, wato abincin shukan nan da mu ke saye cikin buhun yuriya. Ice kuwa kaɗan gare shi, saboda haka sai su kwashe na ƙasa, shuka ta kwana da yunwa. Amma in ice ya ruɓe sarai, ya kan sassauta ƙasa, ya riƙe ruwa, abin da jigawarmu ta rasa ke nan.

To, ga dabara. A haƙa rami a inuwa. A shimfiɗa ruɓaɓɓen ice, a bi shi da kashin awaki ko na kaji, sa'an nan ɗanyen ganye da toka kaɗan. A yi ta jerawa haka, ana yayyafa ruwa, ana juyawa wata wata. Garin katako ya kan kai shekara. In ya yi baƙi, ya marmashe a hannu, yana ƙamshin ƙasar ruwan fari, to, ya nuna. Amma a guji katakon da aka shafa wa fenti, ko baƙin mai, ko maganin gara, gama dafi ne.

Jama'a, kakanninmu da jakuna su ke kai takin birni gona, ba su zubar da kome. Sauri ya kan haifi nawa, ni shaida ne. Ramina na bana yana nan, ina jiransa.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Unguwa Uku, Kano.